Staggerwing: jirgin katako da yadi da ya rasa kasuwa a 1949, yau masu kuɗi ke rububinsa

A wani ɗan gari da ake kira Tullahoma a jihar Tennessee ta Amurka akwai gidan tarihi na jiragen kamfanin Beechcraft, kuma a ciki akwai wani jirgin Staggerwing mai lamba NC499N da duk mai sha'awar tsofaffin jirage in ya je sai ya ja birki a gabansa. Shi ne ɗan fari. Shi ne jirgi na farko da kamfanin ya taɓa ƙerawa, ya fara tashi ran 4 ga Nuwamba 1932 a Wichita. Amma fa wannan jirgin da ake gani yana ƙyalli ya taɓa faɗuwa ya yi kaca-kaca a kusa da wani gari Nunda cikin jihar New York, tarkacensa ya kwashe shekaru kusan hamsin a yashe kafin wasu su je su tattaro abin da ya rage su sake gina shi. To tambayar da ni kullum take min yawo a kai ita ce, wai shin wannan shi ne jirgin 1932 ko kuwa sabon jirgi ne da ya gaji lambar tsoho? In ka gane yadda masu tara jirage suke amsa wannan tambayar to ka gane kasuwar Staggerwing gaba ɗayanta.

Bari mu ɗan koma baya tukuna.

Walter Beech, wanda ya kafa kamfanin Beechcraft, ba baƙo ba ne a harkar, tun a 1925 shi da Clyde Cessna da Lloyd Stearman suka haɗu a kamfanin Travel Air, ka ga mutum uku da kowannensu daga baya sunansa ya zama sunan jirgi. A 1929 Travel Air ya koma ƙarƙashin Curtiss-Wright, Walter ya samu babban muƙami da ofis, sai dai zaman ofis bai karɓe shi ba. Akwai wani matashin injiniya Ted Wells da ya zana wani jirgi mai fiffike biyu, sama da ƙasa, da ɗakin fasinja a rufe kamar na mota, manyan kamfanin suka duba suka ce a'a ba yanzu ba. Kuma gaskiya ba za ka ga laifinsu ba, lokacin tattalin arzikin Amurka ya karye tun 1929, bankuna na rufewa, mutane na layin abinci, wa zai sayi jirgin alfarma? Walter dai ya ajiye aiki a 1932 ya koma Wichita shi da matarsa Olive Ann da Ted Wells, suka kama wani ɓangare na masana'antar Cessna da ke zaune ba aiki suka fara. Jirgin ƙarshe a jerin Travel Air lamba 16 ne, shi ya sa nasu ya zama Model 17. Sunan Staggerwing ba kamfanin ne ya raɗa ba, bakin mutane ne, kuma ya bi shi har yau.

Abin da ya jawo sunan shi ne yadda aka jera fikafikan. Kusan duk jirgi mai fiffike biyu na wancan zamanin na sama ne ke gaba, na ƙasa ya ɗan ja baya. Wells sai ya juya abin, na ƙasa ya matso gaba na sama ya koma baya, in ka kalle shi daga gefe kamar ya turo ƙirji zai yi dambe. Ba ado ba ne kawai. Na farko matuƙi yana ganin sama da gefe sosai tunda fiffiken sama baya rufe masa ido. Na biyu, in gudu ya ragu har iska ta kusa daina ɗaukar jirgin, fiffiken ƙasa da ke gaba shi yake fara saki, sai hancin ya ɗan sunkuya da kansa gudu ya dawo alhali na sama yana nan riƙe, wato baya yi wa mutum faɗuwar ba-zata. Sannan tunda fiffiken ƙasa ya zo gaba sai aka samu wajen da za a naɗe tayoyi su shige ciki. Na farkon dai tayoyinsu a kafe suke cikin wasu manyan riguna na ƙarfe, daga samfurin B17 na 1934 ne aka fara naɗe su, abin da a lokacin ko jiragen soja da yawa ba su da shi.

Gudu kuwa, na farkon da injin Wright mai ƙarfin doki 420 ya haura mil 200 a awa, kusan kilomita 320 kenan, ya kamo ƙafar jiragen yaƙi na zamanin. Ciki kuma kujeru na fata, mutum biyar har da matuƙi, gilashin gefe ana sauke shi da hannu kamar na tsohuwar Fijo. Kuɗinsa dala 14,000 zuwa 17,000 gwargwadon inji, a shekarar da sabuwar mota Ford ba ta kai dala 1,000 ba. Ciniki ya yi ta jan ƙafa, cikin waɗanda suka fara saye akwai wani kamfanin haƙar mai na Tulsa, kuma dama irin mutanen da aka yi shi dominsu kenan, masu rijiyoyin mai da shugabannin kamfanoni da suke son su karya kumallo a wannan jiha su ci abincin rana a waccan. Da aka ga tsada ta yi yawa sai aka fito da B17L mai ƙaramin injin Jacobs a kusan rabin kuɗin, daga nan ne kamfanin ya fara numfashi.

Abin da ya ɗaga sunan jirgin har ya shiga tarihi kuwa mata biyu ne. A watan Satumba 1936 aka yi gasar Bendix, tsere daga New York zuwa Los Angeles, Louise Thaden da Blanche Noyes suka shiga da C17R wanda kusan yadda ake sayar wa kowa haka yake, suka tsaya shan mai a Wichita, suka isa cikin awa 14 da minti 55. Su da kansu sun ɗauka sun zo a baya, ashe su ne na ɗaya. Laura Ingalls ta zo ta biyu, Amelia Earhart da sabon jirginta mai inji biyu ta zo ta biyar. Gaskiya dai sai an faɗa, wasu da ake sa wa rai sun samu matsala a hanya, Benny Howard ma jirginsa faɗuwa ya yi a New Mexico, amma ai tsere kenan, wanda ya isa shi ya ci. Abin dariyar shi ne masu gasar sun ware dala 2,500 ta lallashi ga macen da ta fara isowa don ba su zaci mace za ta ci gaba ɗaya ba, sai ga shi an haɗa musu da babbar kyautar. Wani abu da ke taɓa ni a labarin nan: mijin Blanche, Dewey Noyes, matuƙi ne a kamfanin Ethyl, kuma shi ne ya rasu a hatsarin nan na Nunda a ƙarshen 1935 cikin wancan jirgin na farko. Ko shekara ba a yi ba matar ta shiga irin jirgin da ya kashe mijinta ta ƙetare Amurka da shi. Kai, wasu mutanen zuciyarsu daban ce.

Daga nan jirgin ya yi yawo ba kaɗan ba. Jacqueline Cochran ta zo ta uku da shi a Bendix ta 1937. Wani jami'in diflomasiyyar Ingila mai suna Farquhar ya zaga da nasa daga New York ta Saibiriya har Landan a 1935. Ayarin bincike na Admiral Byrd sun tafi da guda Antatika a 1939. Da yaƙin duniya na biyu ya zo sojojin Amurka suka ga ai ga abin kai manyan hafsoshi da saƙonni, sojan sama suka kira shi UC-43, na ruwa suka kira shi GB-1 da GB-2, aka ba Ingila sama da 100, har na farar hula sai da aka karɓe daga hannun masu su aka yi musu fentin soja. Riƙe wannan, zai yi amfani a gaba: daga cikin 785 da aka ƙera gaba ɗaya, sama da 400 na soja ne.

Sai yaƙi ya ƙare, kuma a nan ne abin ya juye. Kamfanin ya fito da samfuri na ƙarshe G17S, ya fi duk na baya kyau da laushi, aka sa masa dala 29,000. A daidai lokacin kuma gwamnati na gwanjon ɗaruruwan na soja a banza, sannan shi kansa Beech a 1947 ya fito da Bonanza, fiffike ɗaya, jiki duk alminiyam, mutum huɗu, ƙaramin inji da baya shan mai sosai, gudunsa bai yi nisa da na Staggerwing ba, kuɗinsa bai kai dala 8,000 ba. Wa zai biya ninki uku da ɗoriya? G17S bai wuce 20 ba aka rufe layin, na ƙarshe aka miƙa wa mai shi a 1949. Wato dai ƙanensa ne na ciki ɗaya ya kore shi daga kasuwa, ba wani abokin gaba ba. Kuma dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, Bonanza inji ke buga masa farantan ƙarfe a haɗa da ƙusoshi, Staggerwing kuwa sai an yi waldar bututan ƙarfe an yi ƙashi, kafinta ya zo ya jera sirara-siraran katako a kai don a samu wannan lanƙwasar, a haɗa haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya da gam, a lulluɓe da yadin auduga a ɗinke da allura, a yi ta shafa maganin da ke ɗaure yadi ana gogewa ana sake shafawa har ya yi santsi kamar madubi. Aikin hannu ne tun daga hanci har wutsiya, kuma bayan yaƙi ladan ma'aikaci ya tashi.

Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 su ne lokacin wulaƙanci. Jirgin attajirai ya koma jirgin haya a ƙauyuka, wasu suka tafi daji suna jigila, da yawa aka bar su a waje rana da ruwa suna duka, shi kuwa katako da yadi ba sa yafe irin wannan, ruwa in ya taru a fiffiken ƙasa sai katako ya ruɓe ta ciki kana ganin fenti lafiya lau. In yadin ya mutu kuɗin sake shi ya fi kuɗin jirgin, sai mai shi ya tura shi bayan rumfa ya manta.

Waɗanda suka cece shi ba kamfani ba ne, masu shi ne da suka yi ƙungiya suna haɗuwa suna musayar kayan gyara da zane-zane. A 1973 a wani taronsu a Tullahoma, Louise Thaden da kanta, lokacin ta manyanta, ta ba da shawarar a yi wa jirgin gidan tarihi kuma ta ce za ta bayar da kayanta na gasa. Haka aka kafa gidan da sunan Staggerwing, sai a 2007 aka sauya masa suna ya koma na Beechcraft baki ɗaya. Duk watan Oktoba ana taruwa a can, suna kiran taron Beech Party, masu jirage su zo da su a jera a kan ciyawa. A 1997 hukumar gidan waya ta Amurka ta sa hotonsa a kan sarki cikin jerin fitattun jiragen ƙasar, a 2007 kuma 'yan ƙungiyar AOPA ta masu ƙananan jirage suka zaɓe shi a matsayin jirgin da ya fi kowanne kyau. Gidan tarihin Smithsonian yana da C17L, na sojan sama a Dayton yana da UC-43. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe, kodayake wannan zumar dai ba ta talaka ba ce.

To yanzu me mai saye yake dubawa? A nan ne abin yake da daɗi.

Abu na farko harafi, wato wane samfuri ne, B ko C ko D ko G. G17S shi ne sarki, saboda ƙarancinsa da kuma cewa shi ne aka fi gogewa, in ɗaya ya fito kasuwa labari yake zama. D17S shi ne aka fi samu kuma shi masu son su tashi da gaske suka fi nema, an ƙara masa tsawon jiki a kan na baya don haka ya fi ladabi wajen sauka, ga kuma injin Pratt & Whitney R-985 mai silinda tara a zagaye da ƙarfin doki 450. Wannan injin an yi kusan 39,000 nasa, an sa shi a jiragen Beech 18 da Beaver da jiragen feshin gona, saboda haka har gobe akwai makanikai da suka san shi kuma akwai kaya. Mai B17 ko C17 da injin Jacobs ko Wright yana da abin da ya fi tsufa ya fi ƙaranci, amma in wani abu ya karye zai sha waya. Ga kuma abin da na ce a riƙe: yawancin D17S da za ka gani yau da jan fenti ko rawaya da kujerun fata masu ƙamshi, a rayuwarsu ta farko jiragen soja ne da suka yi ta kai kanar-kanar daga sansani zuwa sansani, ba su taɓa ɗaukar attajirin mai ba. Rigar alfarmar daga baya aka ɗinka musu. Wasu masu su kuma sai su bi ta ɗaya hanyar su mayar da shi fentin soja da tauraro, kowa dai da abin da ya ɗauka shi ne asali.

Na biyu takardu. Kowane jirgi yana da ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya buga masa lamba, kamar lambar shasi a mota, da kuma littattafan da ake rubuta duk awa da duk gyara. A idon hukuma wannan farantin da takardun su ne jirgin. Kana iya canza katakon fiffike kaf, ka canza yadi, ka canza inji, ka yanke bututan da suka yi tsatsa ka yi waldar sababbi, muddin an yi bisa ƙa'ida an sa hannu to jirgin 1943 ne dai. Shi ya sa tarkace a cikin sito da farantinsa da littattafansa yake da kuɗi fiye da yadda ido zai ba ka. Ni a ganina wannan ba yaudara ba ce tunda kowa ya sani, kuma jirgin yadi dama ba a yi shi don ya zauna da fatar haihuwa ba, ko a zamaninsa bayan 'yan shekaru ake sake masa yadi. Yanzu ma kusan kowa ya bar auduga ya koma yadin roba irin su Ceconite da Poly-Fiber da ke daɗewa. Inda nake da ja shi ne in mai talla ya rubuta "asali" da manyan baƙaƙe alhali abin da ya fito daga Wichita a jikin jirgin ba zai cika buhu ba. Shi NC499N na Tullahoma ba wanda ya ɓoye labarinsa, an faɗa ƙarara cewa daga tarkace aka tashe shi, kuma hakan ma ya ƙara masa kwarjini.

Na uku, wa ya yi aikin? Sunan wanda ya gyara jirgin yana tafiya da shi kamar yadda ake tambayar wane maɗinki ya yi aikin babbar riga. Cikakken gyara daga ƙashi yana cin dubban awanni, shekaru ake yi ana abu ɗaya, kuma abin da 'yan harkar suka daɗe suna faɗa wa juna shi ne in kana son Staggerwing sayi wanda wani ya riga ya gama, don sau da yawa kuɗin gyara ya fi abin da za a saya a hannunka. Mai kyau yana kaiwa ɗaruruwan dubban daloli, amma wanda ya biya kuɗin aikin da wuya ya fanshe. Kofin da ake bayarwa a taron jirage na Oshkosh a jihar Wisconsin duk ƙarshen Yuli yana ƙara masa daraja, alƙalai har ƙarƙashi suke leƙawa su ga ko kan sukurori sun yi daidai da na zamanin.

Sai kuma zama da shi, wanda shi ne ke tace masu sha'awar hoto daga masu sha'awar gaske. Injin na shan galan 20 da ɗoriya a awa, ga baƙin mai da yake ɗiga kamar ba gobe. Tankuna har shida wasu suke da su a fikafikai da ciki, matuƙi sai ya riƙa juya makunni yana lissafi, in ya shagala inji ya mutu alhali akwai mai a wani tankin. Tayoyin da lantarki da sarƙa irin ta keke suke naɗewa suna zamewa a kan bututu, in ba a goge ana sa musu mai ba sai su maƙale, sai a koma juya hannu. Ƙaramar tayarsa a wutsiya take, saboda haka a ƙasa hancin na sama baka ganin gabanka sai kana tafiya kana karkacewa hagu da dama, kuma wajen sauka in iska ta bugo daga gefe ka yi sakaci da ƙafa sai ya juya da kai kamar jaki ya ga kura, fiffiken ƙasa ya daki titi, aikin shekara biyu ya tafi cikin daƙiƙa uku. Kamfanonin inshora sun san wannan sarai, ba sa yarda sai ka nuna awanni masu yawa a jirgi mai tayar wutsiya kuma wani gwani ya zauna da kai tukuna. Rumfa kuwa dole ce, ba a kwana da shi a waje.

An ma taɓa gwada kauce wa duk wannan wahalar. A shekarun 1990 wani kamfani Griffon ya fito da Lionheart, siffar Staggerwing sak amma da kayan zamani marasa ruɓewa, ka saya ka haɗa da kanka. 'Yan ƙalilan aka gama. Ka ga kenan ba siffar kaɗai mutane ke biya ba, don ga siffar an kawo musu ba katako ba ruɓa amma ba su yi rububi ba. Haka nan Waco da Stinson Reliant da Howard DGA-15 duk tsararrakinsa ne kuma suna da masoyansu, Spartan Executive ma ya fi shi ƙaranci nesa ba kusa ba, amma in aka jera su a fili yara da manya wajen mai turo ƙirjin nan suke fara nufa.

Wani abu da na lura da shi a bidiyoyin masu jirgin, kafin a tayar da inji sai mai shi ya zo gaba ya kama farfela da hannu ya yi ta juya ta a hankali zagaye bayan zagaye. Dalili, in injin ya kwana baƙin mai yana gangarowa ya taru a silindojin ƙasa, in ka kunna haka nan fistin ya daki mai sai sandar ciki ta lanƙwashe, shikenan an shiga uku. Mutumin da ke wannan juyin wataƙila yana da jet a rumfar gefe da matuƙa biyu suna jiransa, amma ga shi nan da tsumma a aljihun baya yana ƙirga juyi, in ya gama ya hau, injin ya yi tari sau biyu uku ya tofar da farin hayaƙi ya rufe wutsiya, sannan silinda taran su kama ɗaya bayan ɗaya.